Don Allah mene ne ma'anar sunan Carter?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya samu ƙaruwa, namiji. Ran suna an raɗa masa Abubakar, amma uwar, da yake Ba'amurkiya ce, ta ƙara masa Carter, har a takardar haihuwa. Hajiyarmu hankalinta ya ƙi kwanciya, kullum sai ta tambaye ni ko sunan wani abin bauta ne. Wanda ya sani ya warware mana.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raya, Ya ɗayyaba. Ki ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, sunan sana'a ne. A Ingila ta dā, mai dakon kaya a amalanken da doki ko sa ke ja, shi ake kira haka, kamar mu ce Audu Mai Amalanke. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, irin wannan laƙabi ya soma zama abin gado sannu a hankali, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Sai ki ga jika na amsa sunan alhali bai taɓa riƙe linzami ba. Haka Taylor yake, tela ke nan, Smith kuma maƙeri.

Maman Ilham:
Na gode Malam. To ta yaya sunan dangi ya koma na jariri?

Malam Sani:
A wajen Turawa, mace in ta yi aure takan ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji. Don kada ya ɓace, sai ta sa wa ɗanta. Daga baya waɗanda ba su da dangantaka da sunan ma suka riƙa sawa don ya yi musu daɗi. Ki tambayi matar ƙanen naki, wataƙila na kakanninta ne.

Baba Ɗanjuma:
'Yata, ni sunan nan ina ganin girmansa. Jimmy Carter, shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981, ya zo Legas a 1978. Amma ba ziyarar ce ta dame ni ba, kurkunu ne. Duk wanda ya tashi a ƙauyen da ake shan ruwan kududdufi ya san yadda ciwon nan ke kwantar da magidanci ana tsakiyar damina, gona ta lalace. Cibiyar da Carter ya kafa ta shiga yaƙi da ciwon tun 1986, Janar Yakubu Gowon ya taya su zagaya ƙauyuka, har a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Jikokina ko sunan ciwon ba su sani ba.