Man turare ya cinye mini roba: a cikin me kuke zuba naku?

Mai haɗa humra, unguwar Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shekara uku ke nan ina haɗa humra da turaren wuta a gida, amma bana na gamu da abin da ban taɓa gani ba. Cikin watan Afrilu na sayo man lemu zalla, wanda ba a sirka ba, na rarraba shi a ƙananan robobi masu haske, irin masu taurin nan da ke ƙara in ka ƙwanƙwasa. Na jera su a kan kanta kusa da taga. Kwana goma ba su cika ba sai na ga jikin robobin ya yi hazo, in na taɓa yana danƙo a hannu, biyu har sun tsage ta gindi mai ya tsiyaye a kan shimfiɗa. Wanda ya rage kuwa warin roba yake yi. Rabin jarina ne ya tafi, har na kwana ban yi barci ba. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya faɗa mini inda na yi kuskure.

Mai shagon turare, Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba ke kaɗai ba ce, ni ma da haka na fara. Ki juya gindin robar, za ki ga alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Ina kyautata zaton taki lamba 6 ce, wato dangin farin soson da ake tallafe rediyo da shi cikin kwali. Man lemu narkar da ita yake yi. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan soson nan ki tsaya ki gani, nan take zai huda shi.

Lamba 1, irin ta gorar ruwan sha, tana ɗaukar turaren da aka riga aka sirka. Lamba 2, mai kauri irin ta jarka, ta fi juriya, amma in mai zalla ya daɗe a ciki sai ki ga cikin jarkar ya lotsa, ƙamshin kuma yana fita ta jikinta ko murfi na rufe. Shi ya sa man da muke sarowa daga Kano yawanci cikin gorar alminiyam yake zuwa. Ki leƙa cikinta da tocila, za ki ga an shafe ta da wani abu mai santsi don kada mai ya taɓa ƙarfen. Ni a cikinta nake barin babban kaya, in ɗan ɗiba a kwalba.

Uwargida daga Zango:
Yaya, ni kwalbar gilashi na yi amfani da ita amma duk da haka na sha kashi, ta wajen murfi. Man kanumfari na zuba a kwalba mai murfin matsawa, mai baƙar robar nan a kai da ake ɗigawa da ita. Bayan wata biyu robar ta kumbura ta yi laushi kamar ƙaro, tana manne wa yatsa, har baƙinta ya sauka cikin man. Tun daga ranar na daina barin murfin ɗigawa a kan kwalba. Ina rufewa da murfi mai tauri wanda ke da ɗan toshi fari a ciki, in zan ɗiga in ɗauko na ɗigawar, in gama in wanke in ajiye gefe. Kuma kwalba a tsaye, kar a kwantar da ita mai ya yi ta jiƙa murfin.

Tsohon ma'aikacin farmasi, Sabon Gari:
Ƴata, kin ce kusa da taga kika jera su, to ko da gilashi ne da kin ga canji. Abu uku ke lalata waɗannan mayuka: haske, zafi, da iskar da ke cikin kwalbar. Kin san dalilin da ya sa yawancin magungunan ruwa ke zuwa a kwalba mai ruwan ƙasa? Launin nan yana tare hasken rana mai ƙona abu. Shuɗiya da koriya suna da kyan gani amma ba su kai ta karewa ba. Mu kuma nan Damagaram, Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka da rana tsaka.

Batun iska shi ne mutane suka fi mantawa. Babbar kwalba in ta koma rabi, rabin sama duk iska ne, kuma ita ke tsufar da man. Sai a juye a ƙarama wadda zai kusan cikawa. Mayukan ma ba ɗaya suke ba. Na lemu da na lemun tsami su ne masu saurin juyawa, shekara ɗaya zuwa biyu ƙamshinsu ya dushe, kuma wanda ya juya yana iya sa ƙaiƙayi a fata. Sandal da udu kuwa in an adana su da kyau, daɗewa ma gyara su take yi. Ni na lemu a firigo nake sa shi, cikin kwano mai murfi don kada ƙamshin ya kama abinci.

Ɗan kasuwa mai kai kaya Agadas:
Baba, na yarda da maganarka, sai dai wajen cikawa ina da ja. Na taɓa cika kwalabe har baki na ɗora a saman mota ta hanyar Tanut. Da muka isa, kwalin duk ya jiƙe, takardun suna sun goge, ban san wanne ne almiski wanne ne wardi ba sai da hanci. Mai yana kumbura in ya ji zafi, in bai sami wuri ba ta murfi zai bi. Yanzu ina barin sarari kamar faɗin yatsa a wuyan kwalba, in naɗe kowace da tsumma, in sa kwalin ƙarƙashin kujera. Sunan kuma ina rufe shi da leda mai manne.

Tsohon ma'aikacin farmasi:
Gaskiyarka ɗana, faɗin yatsa daidai ne. Barin kwalba rabi ne na hana.

Mai kayan amare, Garin Malam:
Duk na ji, amma a faɗi gaskiya, mai saye da ido take saye. In na miƙa wa uwar amarya humra a kwalba mai ruwan ƙasa sai ta ce maganin tari na ba ta. Tana son ta ga launin, ta ga farar kwalba mai ado da za ta zauna a gaban madubi. Abin da nake yi, babban kaya yana cikin duhu a kwalabe masu ruwan ƙasa, ranar da za a karɓa nake juyewa a fararen kwalaben tola, masu ɗaukar kamar mililita 12, in kuma roƙe su kada su bar ta inda rana ke faɗawa. Tsohuwar kwalba kuwa ba na sake zuba wani turare a cikinta sai na wanke da sabulu, na ɗauraye da alkol, ta bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya yana sa mai ya gurɓace. Murfin dai sabo nake sa wa, don tsohon ba ya sakin ƙamshin farko.

Mai haɗa humra, unguwar Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, na duba gindin robar, lamba 6 ce kamar yadda ka ce. Na kwashe sauran mayukan daga taga na sa su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, gobe kuma zan shigo Dole neman kwalabe masu ruwan ƙasa. Saura tambaya ɗaya: turaren wuta da nake jiƙawa da mai, a bokitin roba mai murfi nake tsuma shi sati biyu. Lamba 5 na gani a gindinsa. In bar shi a ciki, ko in nemi tulun gilashi?