Neman shawara: tsofaffin mujallun Dan Dare da na tarar a akwatin mahaifina

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe wani akwatin ƙarfe da ya dawo da shi daga Ingila, inda ya yi karatu a shekarun 1950. Can ƙasan littattafai na tarar da mujallun zane guda goma sha tara ɗaure da zare, sunansu Eagle. A bangon kowacce akwai wani matuƙin kumbo mai koren kaki da wata irin gira mai lanƙwasa, wai shi Dan Dare. Uku na 1952 ne, sauran na 1955 da 1956, kuma lambobin ba a jere suke ba. Takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa idan aka taɓa.

Ɗana Khalifa, mai shekara goma sha biyu, ba shi da aiki sai zane, kuma tun da ya gan su ya hana ni sakat. Kowacce mujalla daga tsakiyar labari take farawa, ta katse a tsakiya. Daga ina ya kamata ya fara? Labarin ya dace da yaro? In miƙa masa na asalin ko in ɓoye? Abin da Baba ya adana shekara da shekaru ba na so ya lalace a hannuna.

Malam na Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa ya huta. Abin da ka tarar ba ƙaramin abu ba ne. Da farko, sunan ba "ɗan dare" na Hausa ba ne, "Dan Deya" ake furta shi. Mujallar Eagle ta fara fita ranar 14 ga Afrilu 1950, kuma fitowar farko ta sayu kusan kwafi 900,000. Mutum biyu suka kafa ta: Marcus Morris, wani limamin coci a garin Southport, da mai zane Frank Hampson, wanda shi ya ƙirƙiro Dan Dare. Shafi biyu kacal ake ba labarin duk mako, shi ya sa kake ganin yana katsewa.

Khalifa ya fara da labarin farko, na tafiya duniyar Zahara, wadda Turawa ke kira Venus. Labarin ya ɗauki mako 77, daga 1950 zuwa 1951. Abinci ya yi ƙaranci a duniya, sai aka tura kumbuna su nemo inda za a yi noma, suna ta tarwatsewa a hanya. A nan zai san kowa: Digby, hadimin Dan mai ƙiba, mutumin Wigan, Sir Hubert, shugaban rundunar, Farfesa Peabody, mace masaniyar kimiyya da ta sha fitar da mazan daga halaka, da babban abokin gaba, Mekon, mai ƙaton koren kai da ɗan ƙaramin jiki, wanda ke zaune a kan wata kujera mai shawagi. Wanda bai karanta wannan ba, sauran sai su zame masa kamar shiga gari ba ɗan jagora.

Naka na 1952 ko dai na labarin Jan Wata ne ko na duniyar Mercury da ya biyo bayansa. Na 1955 da 1956 kuwa ka dace, domin da yawa suna ganin a lokacin ne zanen Hampson ya kai maƙura.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan mahaifi. Ni kan dacewa da yaro zan yi magana, don na karanta wa 'ya'yana. Babu batsa, babu ashar, kuma Dan mutum ne da ba ya ƙarya, ba ya saɓa alkawari ko da ga maƙiyi. Ya fi son sulhu a kan harbi. Dama abin da ya sa Morris ya kafa mujallar ke nan, ya ga mujallun ban tsoro na Amurka suna shiga hannun yara, ransa bai so ba. Sai dai ka sani, tun da limamin coci ne, shafin baya na Eagle yakan ɗauki tarihin mutanen addinin Kirista da wasu mashahuran mutane. Labarin Dan kansa babu wa'azi a ciki. Ka fara dubawa da kanka, ka zauna da yaron ku yi magana a kai. Haka nan za ka ga komai da idon Baturen Ingila na wancan zamanin aka kalle shi, lokacin ma ba mu sami 'yancin kai ba.

Mai Zane:
Yaya, ni abin da ya ja hankalina shi ne yaron yana zane. Don Allah kar ka ɓoye masa su. Hampson ba zama yake ya zana daga ka ba. Yana da tawagar masu zane, da farko a wani tsohon gidan burodi a Southport, daga baya a Epsom. Sukan sassaƙa ƙananan kumbuna, su ɗinka kaya, su sa wa juna, su ɗauki hoto, sannan su zana daga hoton. Mahaifin Hampson ma shi ne ya tsaya aka zana Sir Hubert. Shi ya sa idan ka dubi hannun riga za ka ga inda ya tattare daidai gwiwar hannu, kuma kumbo ɗaya ko ta wace fuska aka nuno shi ba ya sauya kama. Khalifa ya ɗauki hoto ɗaya daga cikin zanen shafin ya kwaikwaya sau biyar, zai koyi abin da wata guda a waya ba zai ba shi ba. A 1959, da Hampson ya bar aikin Frank Bellamy ya karɓa, salon ya canza. Shi ma gwani ne, amma ni na Hampson nake so yaro ya fara sha.

Hajiya 'Yar Laburare:
Mai Zane, na yarda ya gani, amma ba a hannunsa shi kaɗai ba. Takarda mai shekara saba'in ba ta jure yatsun yaro. Baban Khalifa, yau ɗin nan ka kwance zaren, yana cin gefen takardar. Ka fitar da su daga akwatin ƙarfen saboda tsatsa. Kar ka liƙa salatif, kar kuma wani ya ce maka a kai a yi laminatin, wannan kashe su ne. Ka shimfiɗa su a kwance cikin kwali mai tsabta, farar takarda tsakanin kowacce, ka ɗora a sama nesa da rana da damshin damina da gara. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka buga masa ya yi ta kwaikwayo a kai. Cikakken labarin kuwa, kamfanin Titan Books ya sake buga su a littattafai masu kauri tun daga 2004, labarin Zahara ya zo a juzu'i biyu. Wani mai zuwa daga Ingila zai iya riƙo maka.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na kwance zaren, kuma gaskiyarki, ya bar tabo a kan ta sama da ta ƙasa. Ina kwancewa na ga sunan Baba da fensir a kusurwar wata ta 1956, rubutunsa na ƙuruciya wanda ban taɓa gani ba. Na kira Khalifa na nuna masa. Gobe bayan La'asar za mu fara ɗaukar hotunan tare, shi zai riƙe wayar ni ina buɗa shafukan, kuma na riga na yi wa ƙanena da ke can saƙo kan juzu'i biyun nan.