Likita ya ce ƙodar ta yi kama da ta mai lupus amma jini ya ce babu, to yaya kenan?

Yayar Sadiku, Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina ne manomin shinkafa, tun bayan damina ƙafafunsa suke kumbura, fuska ma da safe, fitsari kuma kumfa kamar an zuba omo. Aka tura mu asibitin Malam a Kano suka tsinko ɗan naman ƙoda suka duba, wai abin da suka gani irin na masu lupus ne sak, wato cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mutum, amma gwajin jinin lupus ɗin bai nuna komai ba kuma har yanzu maganin hawan jini da na rage kumburi kawai aka ba shi sai gwaji ake ta ƙara mana. Wai cutar akwai ta ko babu?

Malamin Asibiti, Gumel:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba shi lafiya. Ana samun haka. In aka haska naman ƙodar aka ga sinadaran garkuwar jiki guda biyar sun taru, IgG, IgA, IgM, C3 da C1q, hankalin likita lupus yake fara zuwa. Amma wannan shi kaɗai bai isa ba, a ƙa'idar tantance lupus ta 2019 ma sai gwajin jini da ake kira ANA ya nuna kafin a lissafa mutum cikin masu lupus, sannan a duba wani gwajin jinin mai suna anti-dsDNA. Kuma cuta ce da ta fi kama mata, kusan 9 cikin 10, shi ga shi namiji.

Gwaje-gwajen da kike gani na neman wasu cututtukan ne masu yi wa ƙoda irin wannan ɓarnar, ciwon hanta na B da C, ƙanjamau, tunjere, ƙwayar cuta a zuciya, har tsargiya mai kama hanji da hanta tunda kin ce manomin shinkafa ne, masu shiga ruwan fadama. Maganin lupus danne garkuwar jiki yake, a ba mai ciwon hanta na B ba a sani ba wallahi ciwon hantar zai iya tashi, gyaran gangar auzinawa kenan. Ni a ganina jinkirin nan daidai ne.

Ɗan Haɗeja:
Mu nan ciwon ƙoda ya ishe mu. Hajiya ku gwada na gargajiya kafin sakamakon ya fito mana.

Malamin Asibiti, Gumel:
A'a Malam don Allah, ƙodar da ke zubar da furotin ba ta son jiƙe-jiƙe, haka su diclofenac da ake saye a kemis, ya bar su, gishiri ma a rage. Sannan Yaya ko duk gwajin ya fito lafiya kar ku daina komawa, wasu sai bayan shekaru lupus ɗin ke fitowa a jini, shi ya sa ake maimaita ANA.

Yayar Sadiku, Ringim:
Na gode Malam. Diclofenac ɗin kam kullum sai ya sha in ya dawo daga gona, ban ma san ko ya faɗa wa likitan ba, ranar Laraba zan bi shi.