Tafkinmu yana cikewa da ƙasa: a yashe shi ko a gyara bakinsa?

Manomi daga Kware:
Assalamu alaikum. Gonata tana bakin tafki, kuma wurin da mahaifina yake ɗaure kwalekwalensa a da, yau albasa ake shukawa a kansa, domin laka da rairayi sun cike shi. Wasu dattawanmu suna ganin a roƙi gwamnati ta kawo injin yasa. Shin wannan kaɗai zai dawo mana da ruwan?

Malamin gona daga Wamakko:
Wa alaikumus salam, Malam. Yasa tana da amfani, amma muddin ana huɗa har bakin ruwa, ƙasar da aka kwashe za ta dawo da ruwan damina, tare da takin zamanin da yake ƙara wa kainuwa da kacalla ƙarfi. Shawarata ita ce a bar fili tsakanin gonaki da tafkin, a dasa ciyawar jema a jere, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa, sannan a bayanta a sa giyayya da bagaruwa, waɗanda ba sa mutuwa ko da ruwa ya kwanta a gindinsu.

Masunci daga Goronyo:
Gaskiya malamin gona ya faɗa. A cikin ciyawar bakin ruwa gargaza take ƙwai, a nan kuma 'ya'yan tarwaɗa suke ɓuya, saboda haka wanda ya ƙone ta da rani ya ƙone kifin baɗi. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo, kuma kowa ya ga irin giwan ruwan da ake fitarwa. Ku sa Sarkin Ruwa cikin maganar tun farko, ya hana taru mai ƙananan ido.

Wata uwa daga Illela:
Mu da muka ga yadda tafkin Kalmalo ya ja da baya ba ma ɗaukar wannan magana da wasa. Sai dai, ɗana, ku tuna da makiyaya, ku ware musu mashaya da burtali, in ba haka ba rigima za ta biyo baya. Bara na dasa bagaruwa ban kewaye ta da ƙaya ba, kafin mako ya zagayo awaki sun cinye ta.

Manomi daga Kware:
Na gode, Inna, Allah ya saka muku da alheri. Zan kai wa Hakimi maganar ranar Juma'a, kuma ni zan fara barin kunya biyar na gonata.