Malami ya ce shirina jarida ce ba rediyo ba, ina mafita?

Ɗalibar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a sashen koyon aikin jarida, wannan zangon kuma muna ɗaukar kwas ɗin haɗa shirye-shiryen rediyo. An ba kowa aikin shiri na minti 10 a kan wata sana'ar gargajiya, maki 30 ne cikin 100. Ni na zaɓi marinar Ƙofar Mata, saboda kakana marini ne, kuma rabin ajinmu sun tattaru a kan ƙira da dukanci.

Ranar Asabar da rana tsaka na je da wayata. Wani dattijo ya ba ni lokaci sosai, ya yi mini bayanin yadda ake haɗa baba da toka a bar su su tsima a cikin ramin. Da na dawo gida na kunna, sai na ji jikina ya mutu. Iskar hunturu na ta bubbuga makirufo, 'yan adaidaita sahu na ta danna oda, shi kuma dattijon kamar daga ƙasan rijiya yake magana. Haka na daure na rubuta shafi huɗu da Turanci, na mayar Hausa, na karanta na haɗa.

Ga yadda na buɗe: "Marinar Ƙofar Mata da ke cikin birnin Kano, wadda aka ce an kafa ta tun shekarar 1498, tana ɗaya daga cikin wuraren tarihi da suka daɗe suna jan hankalin masu yawon buɗe ido daga sassa daban-daban na duniya." Malam bai kai minti ɗaya yana saurare ba ya kashe, ya ce, "Wannan ai jarida kike karanta mana." Ya ba ni kwana 9 in gyara.

To, don Allah, ana iya wanke wannan ƙarar a kwamfuta? Kuma me yake nufi da jarida? Sutudiyonmu ɗaya ne tal, layinsa ya kai mako biyu, ba zan samu shiga ba.

Tsohon Furodusa ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi miki gata, ki gode masa. Ni a Kaduna na koyi aikin nan, zamanin da muke yanka tef da reza muna liƙewa, in ka yanke numfashin mutum ba daidai ba shi ke nan, babu maɓallin komawa baya. Wanda ya koya mini aiki ba ya duba takardata ko kaɗan. Juya mini baya yake yi ya ce in karanta. Inda duk na sarƙe ko numfashina ya ƙare, sai ya ɗaga hannu, ni kuma in soke wurin.

Gwada karanta jimlar nan taki da ƙarfi. Kalma kusan 40 ce, kuma kafin ki kai "duniya" mai sauraro ya manta da "marina". Mai karanta jarida in ya ɓace yana iya mayar da ido sama. Matar da ke tuƙa tuwo rediyo na gefenta, ko direban da ke kan hanyar Zariya, sau ɗaya za su ji ki, ya wuce ya wuce. Shi ya sa jimla ɗaya, magana ɗaya. Shekarar 1498 ɗin nan ki ajiye ta sai can tsakiya, kuma ki ce "fiye da shekara 500," kunne ya fi riƙe shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kin je wurin da ya fi ko'ina daɗin sauti, kika dawo da surutu kawai. Ina ƙarar mabuga? Mutane a zaune sun jera, gudumar katako na sauka a kan ƙyalle, wannan ya buga wancan ya amsa, kamar kiɗa. Da shi za ki buɗe. Ki bar shi daƙiƙa 8 ko 10 ba ki ce uffan ba, sannan ki shigo a hankali: "Wannan ba kiɗa ba ne. Shadda ake bugu." Wallahi ba mai murɗa tasha. Sai ƙarar ruwa lokacin da ake tsoma ƙyalle a ɗago yana ɗiga.

Ke kuma aikin bakinki shi ne abin da kunne ba ya iya ji. Ƙyalle yana fitowa daga rami da ɗan kore-kore, sai iska ta taɓa shi ya riƙa komawa shuɗi a gaban idonki. Hannun marini ya rine har wuyan hannu, sabulu ba ya fitar da shi. Warin ramin ma ki faɗa. Amma kada ki ce "ga ƙarar bugu nan," mun ji ai.

Sannan ki yar da takardar Turancin nan. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aiki, labaransu da yawa daga Turanci suke zuwa, amma saurari tsofaffin ma'aikatansu, ba za ki ji ƙashin Turanci a ciki ba, domin ma'ana suke ɗauka su faɗa da bakinsu. Ke da ba ki da wanda ya tilasta miki fassara, me ya kai ki? Ki ba ƙanwarki labarin zuwanki marina da baki, ki naɗa a waya, ki rubuta abin da kika faɗa. Rubutun shirinki ke nan.

Mai Haɗa Sauti ya amsa:

Baba ya gama magana a kan rubutu. Ƙanwata, batun wanke ƙara kuwa, gaskiya ɗaya ce: ki koma ki sake ɗauka. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce, kuma tana rage ƙarar da ba ta canzawa, irin ta fanka ko janareta daga nesa. Oda da bugun iska ba sa fita, in kika matsa muryar dattijon za ta koma kamar ana magana cikin tulu.

Ki je da safe kafin titi ya cika. Sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya yanke miki. Kada ki ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, matse sauti yake yi. Nemi manhajar da ke ɗauka a WAV, wato tsarin da ba ya matse sauti, ki saita ta a 44.1 ko 48 kHz. Makirufon waya a gindinta yake, can za ki nuna wa mai magana, tazarar ɗani ɗaya daga bakinsa, ki ɗan karkata gefe saboda iskar da ke fita daga baki wajen furta "f" da "b". Ki ba iska baya, ki zura wa wayar safa mai tsabta. In manhajar na nuna ma'aunin ƙarfin sauti, ya riƙa kaiwa wajen -12, kada ya taɓa ja. Iyafis a kunne duk tsawon hirar, da kin sa shi ran Asabar da tun a wurin za ki gane. Kafin ki tafi ki ɗauki minti ɗaya na sautin wurin ba mai magana, da shi za ki rufe inda kika yanka.

Sutudiyo kuma manta da shi. Dare ya yi, ki kashe fanka, ki buɗe wadirof ki fuskanci kaya, ko ki lulluɓa da bargo. Ni haka na yi nawa aikin na aji uku, gumi kamar an watsa mini ruwa, amma ya fita tsaf.

Ɗan Aji Huɗu ya amsa:

Duk na yarda, amma fa ki tambayi malam ko ya amince da Hausa zalla, wasu sai da Turanci. Kuma yawanci akwai maki a kan takardar da ke nuna wace murya ta shigo a wane minti, kada ki miƙa sauti tsirara. Ki nemi izinin dattijon a cikin naɗin, ya faɗi sunansa da bakinsa. Waƙar mutane kuma kada ki ɗora, akwai haƙƙin mallaka. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar a 2020 cewa za a rarraba kwas ɗin aikin jarida, watsa shirye-shirye ya zama digiri mai zaman kansa, na lura malamai sun ƙara tsanani a kan aikin hannu.

Tsohon Furodusa ya amsa:

Yaro ya yi gaskiya a kan takardar. Waƙa kuwa, mai sautin mabuga me zai yi da ita?

Ɗalibar Aji Uku ta amsa:

Baba, Yaya, Allah ya saka da alheri. Malam ya ce Hausa ta yi. Na koma jiya ƙarfe 7:30 da safar ƙanena a kan waya, marinan suka yi ta dariya, ɗaya ya ce in kawo ya rina mini ita. Dattijon ya sake ba ni hira, wannan karon a bayan katanga, har numfashinsa ana ji. Da na ce masa kakana marini ne sai ya ajiye sandarsa ya tambaye ni wace unguwa, daga nan hirar ta canza gaba ɗaya, ya ba ni labarin ranar da mahaifinsa ya fara barinsa ya tsoma ƙyalle shi kaɗai. Yanzu ina da minti 47, shirin kuma minti 10 ne, kuma labarin nan shi kaɗai ya ci minti 4. Baba, in yanka shi ko in yanka kaina?