Sakaci Ne Ko Gado? Muhawara Kan Faɗuwar Gaba

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Shekarata 31, amma har yau idan aka ɗaure mini fuska ko aka ɗaga murya, ko da ba da ni ake ba, gabana faɗuwa yake, tafin hannuna ya jiƙe, numfashina ya sarƙe. Jiya shugabata a wurin aiki ta kira sunana fuska a murtuke, biro ya suɓuce mini saboda rawar hannu. Ashe wata takarda kawai take nema. Na tashi a hannun uwar da ba ta rarrashi, ba ta tambayar abin da ya sa ni kuka. Ni dai na yarda sakacin da aka yi da ni tun ina tsumman goyo ne ya koya wa jikina tsoron fuskokin mutane.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. 'Yata, sakaci fa kika ce? Matar da ta ɗauki cikinki wata tara, ta shayar da ke, ta hana idonta barci? Ki janye wannan kalma.

Baban Sadiƙ: Ba ruwan tarbiyya a nan, gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Ya'yana biyu, uwa ɗaya, kulawa ɗaya. Babban in ya ga baƙo sai ya ƙanƙame ƙafata yana kyarma, ƙaramin kuwa hannu yake miƙawa a ɗauke shi. Wa ya yi sakaci da babban?

Malam Nasiru: Baban Sadiƙ, ba a raba biyun haka. Michael Meaney na jami'ar McGill a Kanada ya lura cewa cikin ɓeraye akwai uwar da ke yawan lasar 'ya'yanta a makon farko, akwai wadda ba ta cika yi ba. Waɗanda aka lasa sosai, idan sun girma suka firgita, sinadarin damuwa na tashi a jininsu ya sauka da wuri. Da aka musanya jariran, sai suka ɗauko halin uwar da ta rene su, ba wadda ta haife su ba. A 2004 shi da abokan aikinsa suka nuna dalili: ƙwayar gadon ba ta canza ba, wata alama ce ke manne mata ta rage aikinta idan lasar ta yi ƙaranci. Gadon yana nan, reno ke buɗe shi ko ya toshe.

Hajiya Babba: Subhanallah! Yanzu iyayenmu ne ake aunawa da ɓera?

Malam Nasiru: Hajiya, ban auna kowa ba, gwaji na kawo.

Anti Rabi: Ai ka auna. Kuma ko uwar ɓeran da ba ta lasa ba wanda ya ce ta yi sakaci, tana shayarwa. In kuna son ganin sakaci ku dubi gidajen marayu na Romaniya da duniya ta gani bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a 1989: jarirai jere a gadajen ƙarfe, ba mai ɗauka, ba mai kallon idonsu. A binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a 2000 kan yara 136 na irin waɗannan gidaje, waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo kafin su cika shekara 2, daga baya kotizol ɗinsu, wato sinadarin damuwa, ya riƙa tashi a lokacin matsi kusan kamar na sauran yara. Waɗanda suka daɗe a can, nasu ya dakushe. Wannan ne sakaci. Naki, ƙanwata, ki kira shi kawaici.

Yaya Maryam: Kawaici ga babba, amma jariri ya san kawaici? Ku kalli gwajin Edward Tronick, masanin halayyar yara: uwa na wasa da jaririnta, sai ta daskarar da fuska na minti biyu kacal. Yaron ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, ƙarshe ya kau da kai ya ɓarke da kuka. Minti biyu fa. To ina ga shekaru?

Anti Rabi: Maryam, ke dama duk abin da Malam Nasiru ya faɗa sai kin ɗaura masa ɗamara.

Yaya Maryam: Anti, ke ma ai ba ki taɓa saɓa wa Hajiya ba ko sau ɗaya.

Baban Sadiƙ: A dawo kan gado. An ma gano ƙwayar halittar da ke sa wasu saurin karaya.

Malam Nasiru: In ta sirotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, kake nufi, wadda Avshalom Caspi ya wallafa a 2003 daga binciken Dunedin na New Zealand, a 2009 an tattara bincike da yawa aka sake lissafi, ba a ga abin ya tsaya ba. Ba ƙwaya ɗaya ke wannan aiki ba.

Baban Sadiƙ: Likita ne kai? Kullum sai ka gwada mana ka fi kowa karatu. Ni 'ya'yana na gani da idona.

Malam Nasiru: Yara biyu ba hujja ba ne.

Baban Sadiƙ: Ka haifi naka tukuna.

Yaya Maryam: Haba Baban Sadiƙ, wannan gori ne, ka nemi afuwa.

Ummu Hanan: Ban zagi mahaifiyata ba, ina son ta. Wataƙila ita ma haka aka rene ta. Amma duk cikinku ba wanda ya tambaye ni yadda nake kwana da wannan bugun zuciyar.

Hajiya Babba: A matsayina na babba zan taƙaita. Mafi yawanmu mun yarda kalmar sakaci ba ta dace da uwa ba, Rabi ta kawo hujja ƙarara cewa sakaci sai a gidan marayu. Baban Sadiƙ ya nuna abin a jini yake, hali zanen dutse ne. Zancen ɓeraye kuwa ba mu karɓa ba. Ummu Hanan, ki ga likita kan faɗuwar gaban, sannan ki kira mahaifiyarki yau ki gaishe ta. Na rufe wannan magana.