Ɗan sanda mai ritaya da ya koma aiki: ya dace ya ci gaba da karɓar fansho?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Kawuna ya yi ritaya daga aikin 'yan sanda, yana karɓar fanshonsa ta hannun CARENI, hukumar fanshon ma'aikatan gwamnatin Nijar, sai ga shi wani kamfanin gadi a nan Damagaram ya ɗauke shi shugabancin masu gadi. Wasu a unguwa suna cewa ya ci baki biyu alhali matasa na zaman kashe wando, maganar kuwa ta dame ni. Shin da gaskiyarsu?

Malama daga Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fansho ba kyautar gwamnati ba ne, kuɗi ne da aka riƙa cirewa daga albashinsa kowane wata tsawon shekarun aikinsa, saboda haka haƙƙinsa ne. Albashin kamfani kuma daga aljihun mai kamfani yake fitowa, kuma fanshon ma'aikatan kamfanoni wata hukuma daban mai suna CNSS ce ke kula da shi, ba CARENI ba.

Tsohon Jandarma:
Malama ta yi gaskiya, amma inda nake da ja shi ne idan gwamnati ce da kanta ta mayar da mutum bakin aiki bisa kwantaragi, domin a nan baitulmali ɗaya ne ke biyansa sau biyu, gurbin da ya kamata a buɗe wa matasa jarrabawa kuma ya toshe. Na yarda a kira tsofaffi su horar da sababbi na ɗan lokaci, ban yarda su riƙe muƙami ba.

Ɗan Birni:
Na gode, Baba. Na kawu kamfani ne mai zaman kansa, kuma yara shida yake ciyarwa.